Ranar da Kafinta Ya Ajiye Cokali

A wurin aiki Uwar Kifi ake ce mata, a gida kuma Auta, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Auta dai ba ta girma a idon 'yan gidansu, ko da ta aurar da 'ya. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, in kana yi mata magana takan ɗan karkatar da kai, kamar tana sauraron wani a bayanka. Waɗanda ba su san ta ba sukan ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, aiki ne ya mayar da ita haka.

Ubanta kafinta ne. Tana rarrafe uwarta ta rasu, yayanta namiji kuma ya riga ya shiga makaranta, don haka a shago ta tashi. Baba yakan shimfiɗa mata buhu a kan garin katako ƙarƙashin benci, ta kwanta, shi kuma ya ci gaba da dukan ƙusa a saman kanta. Guduma na tashi, zarto na kuka, yarinya na sharar barci har da miyau. Masu kawo aiki sukan leƙa su ce, "Kafinta, anya 'yar nan taka tana ji kuwa?"

Sai ya ce, "Ku dai tsaya ku gani."

Sai ya ɗaga gudumar, ya kwantar da ita a hankali a gefen benci, ya naɗe hannu. Kafin mutum ya haɗiye yawu ta buɗe ido ta ce, "Baba, na tashi." Mutane su yi ta dariya, shi kuma ya sunkuya ya kakkaɓe mata garin katakon da ke kanta da tafin hannunsa mai kaushi. Wasan nan ya yi shi ya fi a ƙirga, bai taɓa gajiya da shi ba.

Ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya. Mijin ya rasu ba da daɗewa ba bayan an aurar da 'yar, ya bar ta da ɗakuna biyu da tsakar gida mai famfo ɗaya. Zaman banza ba ya cikin jininta, sai ta sami aikin shara a jami'a, a sashen da ake nazarin dabbobi. Tana nan tana goge tebura wata Dakta ta dawo daga karatu, siririya mai tabarau, da tankunan gilashi da wasu kifaye baƙaƙe masu dogon baki, irin waɗanda masunta ke kira miligi. Aka ce kifayen suna da lantarki a jiki. Masu shara suka watse, kowa ya ce ba da shi ba, ya san abin da minjirya ke yi wa mutum. Auta ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu har gwiwa, ba ta ji komai ba sai sanyin ruwa. Daga ranar tsintsiya ta bar hannunta, ta zama mai kula da kifi.

Aikin yana da tsarinsa. Ɗakin ba taga, fitilarsa ja ce mara ƙarfi, don kifayen ba sa son haske, kowanne na laɓe a cikin guntun bututu. Ba ka iya sanin lafiyarsu da ido. Saboda haka a kowane tanki an tsoma wayoyi biyu da ke zuwa wani akwati mai lasifika. Wutar da kifin ke fitarwa daga wutsiyarsa ba ta kai ta motsa ko gashin hannu ba, amma a lasifika sai ta fito ƙas, ƙas, ƙas. Da safe, kafin Auta ta ajiye jaka, takan bi tanki tanki tana kunnawa. In ta ji ƙas-ƙas, kifi na raye. In ya yi sauri, yana cikin kuzari, ya hango tsutsa ko yana yawon duba gidansa. In ta ji shiru, to nan ne ake yar da jaka a ruga. Shekaru tana wannan, har kunnenta ya haddace: ƙara lafiya ce, shiru ne matsala.

Dakta mai son bayani ce, ko bango ta samu sai ta koya masa wani abu. Wata rana suna canza ruwa ta ce, "Uwar Kifi, kin san abin da ke ba ni mamaki? Da wutar nan yake gani a cikin duhu. Fatarsa duk ƙananan ƙofofi ne masu jin ta. Dutse ya kautar da ita, abu mai rai ya jawo ta, da haka yake sanin me ke gabansa. To amma wutarsa ta fi ta 'yar tsutsar da yake nema ƙarfi nesa ba kusa ba. Kamar ki ce mutum ya ji tafiyar tururuwa alhali shi kansa yana ta ihu."

"To yaya yake yi?"

"Duk lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta aika wa wutsiya cewa ta saki wuta, sai ta aika irin saƙon ga sashen da ke karɓar labari daga fata. Kamar ta ce, ga namu nan zuwa, kada ku tashi. Sashen nan a hankali yake koyon kamannin abin da ya saba zuwa, ya ƙera akasinsa, ya ɗora a kai, su kashe juna. Abin da ya rage shi ne baƙo. Duk abin da ke zuwa kullum a lokacin da aka sa ran zuwansa, ƙwaƙwalwa gogewa take yi."

Auta ta yi dariya har ta zubar da ruwa a ƙasa. Ta ce, "Ashe kifi ma ya san zancen. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum."

A shekarar ne Baba ya faɗi a bakin shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa na nan garau, ana gani a idonsa, sai dai in ya yi niyyar magana leɓen ya motsa, ba abin da ke fita sai iska. Yaya ya ce a kai shi gidansa, ya fi fili. Auta ta ce ko kusa. Mutumin da ya raine ta ƙarƙashin benci, ita za ta yi jinyarsa. Yaya mutum ne mai zafi amma ba ya ja da gaskiya, ya ce to. Ta ba Baba ɗakin da ke kusa da famfo, da gadon ƙarfe, ta roƙi maƙwabciyarta ta riƙa leƙa shi in tana wurin aiki. Ta sa masa cokali a hannun hagu ta ce, "Baba, in kana son wani abu, ka buga ƙarfen gado."

Ya kalli cokalin, ya kalle ta, ya buga. Hannun kafinta ne, ko na hagu ne ya san duka. Suka yi dariya tare, tasa a karkace.

A farkon lamarin, kafin ya buga na biyu ta iso. Amma yau da gobe ta fi ƙarfin wasa. Baba yakan buga in yana jin ƙishirwa, ya buga in matashi ya zame, ya buga in ƙuda ya dame shi, ya buga in rana ta shigo ta labule. Wani lokaci ta zo da gudu, ta tambaye shi wannan ya girgiza kai, wancan ya girgiza kai, ashe so yake kawai ya ga mutum. Wani lokacin ma ba kira ba ne, hannu ne da ya saba da aiki ya rasa abin yi, yana ta ɗan ƙwanƙwasawa kamar mai gwada katako. Sai ta fara cewa "Ina zuwa, Baba" daga inda take. Daga baya ta riƙa faɗa a zuci. Daga baya ko a zucin ta daina.

Kada wani ya ce ta daina son ubanta. Ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi, ita ke yanke masa farce, ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba. Kunnenta ne ya yi abin da ya saba. Duk yini a wurin aiki ƙas-ƙas na ce mata lafiya lau, ta dawo gida ta tarar da ƙas-ƙas ta bayan bango, sai zuciyarta ta kwanta. In ta ji cokali, Baba na nan.

Ranar da abin ya faru ranar hutu ce, da hantsi. Ta dafa shayi ta zuba a filas, ta ba shi kofi ɗaya da hannunta, ta ajiye filas ɗin a kan ɗan tebur ta gefensa na hagu. Murfin ba ta murɗa shi ya kai ƙarshe ba. Ta fita tsakar gida, ta tara ruwa a baho, ta rufe famfo, ta zauna wanki. Tsakaninta da gadon Baba bango ɗaya ne da taga a buɗe.

Cokali ya fara. Ba irin na kullum ba, da sauri yake, ba hutu. Kuma ta ji. Wannan shi ne abin da ba ta iya yafe wa kanta ba har yau: ta ji shi sarai. Har ta yi murmushi ta ce a ranta, Baba yau da kuzari aka tashi. Har hannunta ya ɗauki kiɗan, tana cuɗa zanin gado daidai da bugun. Ta wanke, ta ɗauraye, ta matse, ta ɗauko wani.

Sai ƙarar ta tsaya.

Ba ta san lokacin da ta tsallake bahon ba. Ta tarar da filas a kwance a kan gado, shayin ya jiƙe zanen da ke jikinsa daga ƙugu zuwa gwiwa, ta ɓangaren da ke da rai, wanda ke jin zafi. Ya yi ƙoƙarin ƙara wa kansa ne, don kada ya dame ta. Da hannu ɗaya ya kasa janye zanen, ya kasa matsawa. Gumi ya wanke masa fuska, bakinsa a buɗe ba sauti. Cokalin kuwa ba faɗuwa ya yi ba, yana ajiye a gefen katifa.

A asibiti aka wanke ƙunar, aka naɗe cinyar da bandeji. Ma'aikaciyar jinya ta ce da an cire zanen da wuri da ba ta ci haka ba, ta faɗa ne kawai tana aikinta. Yaya ya iso yana haki. Ya dubi Baba, ya dubi ƙanwarsa da idonta ya kumbura, tausayi ya kama shi, sai ya miƙa mata ƙofar fita da kansa.

"Wanki kike yi, ko? Ƙarar famfo ce ta hana ki ji."

Ta ɗaga kai, alamar e. Baba na kwance yana kallonta. Ɗakinsa na jikin famfon, ya fi kowa sanin lokacin da ake buɗe shi da lokacin da ake rufewa.

Da suka dawo gida, Baba bai sake taɓa cokali ba. Ta sa masa a hannu, ya bari ya zame. Ta sayo ƙararrawa 'yar ƙarama, mai zaƙin murya, ta rataya masa a kan gado, ko kallonta bai yi ba. Yana cin abin da ta ba shi, yana bari ta wanke ciwon, amma in ƙishirwa ta kama shi sai ya haƙura, in matashi ya zame sai ya kwanta a haka. Gidan ya yi tsit. Auta ta kasa zama. Tana yanka albasa sai ta ajiye wuƙa ta leƙa shi. Tana shanya sai ta bar kaya a hannu ta leƙa shi. Ta same shi ido biyu, yana kallon ƙofa. Ta ce, "Baba, ruwa?" Wani lokaci ya ɗaga kai, wani lokaci ya lumshe ido. Ta tabbata fushi yake yi, ta kuma san ta cancanta. Kunya ta hana ta haɗa ido da shi.

Yaya ya zo dubiya ya ga yadda ta rame, ya ga Baba ba ya kira, ya yanke magana. "Auta, kin yi iya yinki. Ga aiki ga jinya, mutum ba ƙarfe ba ne. Ƙarshen mako zan zo da mota in ɗauke shi. A can akwai mutane duk yini."

Wanda ya ƙona ubansa da me zai yi gardama?

A wurin aiki akwai wani ƙaramin ɗaki da Auta ba ta son shiga, musamman tun ciwon Baba. A nan Dakta ke kwantar da kifi a faranti, da ɗan bututun ruwa a bakinsa, ta ba shi maganin da ke hana wutsiya aiki. Ƙwaƙwalwar na ta ba da umarni, jiki ba ya amsawa, sai na'ura ce ke sakin wuta a madadinsa duk lokacin da ya yi niyya. Wata waya mai sirin gashi kuma na ɗauko abin da ke faruwa a cikin kan, ta zana shi a allon kwamfuta. A makon nan Auta ta shiga kai ruwa, Dakta ta kira ta da murna.

"Zo ki ga abin da na taɓa gaya miki. Ɗazu da na fara ba shi wutar nan, layin tsalle yake yi. Kin ga yanzu ya kwanta, ya saba, ya goge ta. To kalli, zan kashe."

Ta danna wani abu. Layin da ke kwance sai ya faɗa ƙasa, ya yi rami, ya dawo, ya sake yin rami, daidai wurin da a da yake tsalle.

"Ba na ba shi komai yanzu," in ji Dakta. "Wannan akasin nan ne da ya ƙera, ya rage shi kaɗai. Da abin na zuwa ba ya jin sa. Yanzu da ya daina zuwa, ga shi yana jin gurbinsa."

Auta ta ajiye bokitin a hankali. Ta ce za ta duba tankin ƙarshe, ta fita. Ta tsaya a cikin jan hasken nan, lasifika na ta ƙas-ƙas a kowane gefe, ta toshe baki da gefen ɗankwali don kada Dakta ta ji.

Ƙarshen mako Yaya ya zo da mota bayan azahar. Auta ta riga ta ninke kayan Baba, ta haɗa magungunansa da bandeji a leda. Yaya na ɗaure jaka yana cewa zai sa a gyara mata famfon nan mai ƙara, sai ta ji maganar ta fito da kanta.

"Yaya, famfo a rufe yake ranar."

Ya ɗago.

"Na ji shi. Tun daga farko har ƙarshe na ji. Ɗauka na yi lafiya ce."

Yaya ya kalle ta. Jijiyar goshinsa ta tashi, ya buɗe baki, ya dubi gadon, ya haɗiye abin da ya yi niyya. Da ya rufe ta da zagi da ta fi jin sauƙi. Ya ce kawai, "Allah ya kyauta," ya ɗauki jakar ya kai mota. Da ya dawo sai ya durƙusa a gaban gadon, don shi ma ɗan kafinta ne, ba ya ɗaga abu sai ya tambayi mai shi. Ya ɗauko cokalin daga kan tebur, ya sa a hannun Baba, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Baba, ka ji abin da ta ce. Ni dai na zo ɗaukarka. In ka yarda mu tafi, buga ƙarfen nan."

Wannan karon cokalin bai zame ba. Baba ya riƙe shi gam, ya ɗaga shi sama da ƙarfen gadon. Auta na tsaye jikin ƙofa, kanta a ƙasa, tana jiran ƙarar. Ta san za ta ji ta, ko da a ƙarshen duniya take.

Ƙarar ba ta zo ba. Ta ɗago ido. Baba ya kawo cokalin a hankali, ya kwantar da shi a gefen katifa, ya gyara masa zama da yatsa, sannan ya jawo hannunsa mai rai ya ɗora a kan mataccen, a ƙirji. Ya juyo yana kallonta, yana jira.

Ta san wannan ajiyewar. Ta san naɗe hannun. Haka ta tarar da cokalin ranar shayi, a kwance a gefe, bayan ya buga ya buga ba ta zo ba. Duk kwanakin nan da take leƙa shi tana sunkuyar da kai, tana cewa fushi yake yi, mutumin yana yin abu ɗaya ne da ya san yana tashin 'yarsa.

Yaya ya ce, "Baba, ban gane ba. Ka fasa ne, ko hannun ne ya gaji?"

Auta ta taka ta zo, ta durƙusa inda Yaya ya matsa mata, kusa da cinyar da ke naɗe da bandeji. Warin magani ya bugi hancinta. Tabon nan ba zai ɓace ba, ita za ta riƙa ganinsa duk ranar da ta yi masa wanka.

"Baba, na tashi."

Ya ɗago hannun hagu da ƙyar, ya ɗora a kanta. Tafin ya yi laushi yanzu, kaushin ya tafi. Ya shiga kakkaɓe mata ɗankwali, gefe da gefe, ko da yake babu komai a kai.

Yaya ya fita ya dawo da jakar daga mota.